Shaidar Inna a Gindin Adda

Surukata, uwar maigidana, wadda duk gidan muke kira Inna, ta amsa kiran Ubangijinta ranar kasuwar Diffa da hantsi. Na Allah muke dukanmu, ita dai ta riga mu komawa. Kafin a gama yi mata wanka labari ya kai kasuwa. Na san ya kai ne domin bugun maƙera ya tsaya. Gidanmu ba shi da nisa da rumfunansu, kuma tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa jin ranar kasuwa ba tare da wannan bugun ba. Ranar sai na ji shiru, har kukan tumakin maƙwabta ya yi mini ƙarfi a kunne.

Mutanen da suka cika ƙofar gida ba irin waɗanda aka saba gani a makokin tsohuwa ba ne. Dangi na Damagaram ba su iso ba sai washegari. Waɗanda suka fara zuwa manoman tattasai ne daga Gagamari da ƙauyukan bakin Komadugu, da taɓo a ƙafafunsu, sai masu gyaran injin ban-ruwa da baƙin mai a hannu, sai magina, sai Fulani daga wajen Fulatari waɗanda kasuwa ta kawo su gari. Ƙanen maigidana ya shimfiɗa tabarmi a jere, amma da aka zauna sai manoma suka yi gefe guda, makiyaya suka ja tasu tabarmar suka yi gefe guda, aka bar fili a tsakani. Babu wanda ya ce a yi haka. Kowa ya yi addu'a, kowa ya shafa, amma ban ji an ce wani ya tsallaka filin nan ya gaisa da wani ba.

Akwai wani kafinta Kirista, mutumin kudu, da ya daɗe a garin nan. Shi da ya ji, bai zo gida ba tukuna. Masallacin unguwa ya nufa, ya roƙi ladan ya fito masa da makara, domin ya san ƙafarta ɗaya tana girgiɗi. Ya ɗaure ta, ya gwada da nauyin jikinsa, sannan ya zo ya tsaya daga nesa da hularsa a hannu har aka ɗauki Inna.

A cikin gida kuwa mata ba su yi ta yabonta da sanyin hali ba, don kowa ya san ba ta da shi. Wata ta ce ba ta taɓa cutar kowa a ciniki ba. Wata ta ce amma ta iya hana mutum abu da kuɗinsa a hannu. Sai wata tsohuwa Babarbariya, mai kawo mata busasshen kifi, ta gyara mayafinta ta ce da Hausarta mai nauyi, "Yanzu kowa zai sayi abin da ya ga dama." Mu da muka san abin da take nufi muka sunkuyar da kai.

Jikokinta ba su san ta ba sai a matsayin tsohuwa mai faɗa a kan wuƙar da aka bari cikin ruwa. Shi ya sa na ga ya kamata in rubuta abin da na gani, tun ban manta ba.

Ni daga Maine aka kawo ni. Cikin kayan ɗakina akwai wuƙaƙe masu ƙyalli a cikin kwali, waɗanda gwaggona ta sayo tana alfahari da su. Ban yi sati ba Inna ta shigo madafa ta tarar ina fama da nama. Ta karɓi wuƙar, ta ɗan lanƙwasa bakinta da yatsa, ya tsaya a lanƙwashe. Ta ajiye ta, ta fita. Da la'asar ta aiko mini da wata baƙar wuƙa mai ƙotar itace, ba kyan gani, da almakashi ɗaya mai nauyi, don ta ji ina ɗinki. Na shiga ɗaki na yi kuka, ina ganin ta raina kayan gidanmu. Da na fito ta kira ni ta nuna mini yadda ƙarfen wuƙar ya ratsa ƙotar har ƙarshe, ƙusoshi suka riƙe shi, ta ce wadda ƙarfenta ya tsaya a bakin ƙota wata rana za ta bar ni da itace a hannu, bakin kuma ya tafi inda ya so. Ta ce gida ba ya bukatar kaya da yawa: wuƙa ɗaya ta kirki, guduma ɗaya, filaya ɗaya, gatari ɗaya, a san inda ake ajiye su. Almakashin nan har yau da shi nake yanka. Har ta rasu kuma amarya take kirana, ko bayan da na aurar da ɗiyata ta fari.

Shagon kayan ƙarfe na mijinta ne asali. Ɗan kasuwa ne daga Damagaram, ya zo Diffa tun garin bai kai haka ba. A ƙarshen rayuwarsa idonsa ya mutu, sai ya zama in an sauke kaya a tsakar gida ita ke duba masa, tana faɗa masa abin da ta gani, shi kuma yana ƙwanƙwasawa yana sa ta saurara. Da ya rasu, 'yan'uwansa suka zo da niyyar su sayar da kayan su mayar da ita gida, tunda babban ɗanta, wato maigidana, bai gama sanin kasuwa ba. Ta bari suka gama shawararsu. Ranar da ta fita takaba ta ɗauki kujerarta 'yar tsugunne ta tafi shago ta zauna. An yi surutu, har limamin unguwa aka kai wa magana. Ya ce bai ga inda aka hana ba. Surutun ya mutu da kansa lokacin da masu sana'a suka gane cewa abin da ta zaɓa ba ya karyewa.

Na sha kai mata abincin rana, na ga yadda take yi. In aka kawo adda ko gatari, sai ta rataye shi da zare, ta buge shi da mabuɗin shago, ta karkata kai. Wanda ya yi ƙara mai tsawo ta ajiye dama, wanda ya yi ƙara a dushe ta ajiye hagu. Sannan ta goga magagari a bakinsa. In magagarin ya ci ƙarfen kamar sabulu, ta ce wannan kafin azahar ya dakushe. In ya zame bai kama ko kaɗan ba, ta ce ya yi tauri da yawa, zai ɓalle a kan itacen farko mai ƙulli. Filaya takan ɗaga ta sama ta duba ko haske na ratsa tsakanin haƙoranta. Akwai wani ƙaton noti da aka kafe a gefen teburinta, duk kile da ya shigo, wato sifana, sai ta sa shi a kai ta ji ko yana wasa. Ta ce kile mai wasa shi ke cinye kan noti, ya bar mai inji a bakin kogi tattasai na bushewa. Ƙota kuma takan bi jijiyar itacen da farce, ta ƙi wadda aka shafe da fenti, don ba ta yarda da abin da aka rufe mata ido a kansa ba.

Duk abin da ya tsallake wannan, sai ta yi masa zane biyu a karkace da magagari, a gindin ƙarfen kusa da ƙota. Mutane suna kiran wannan shaidar Hajiya. In abu mai shaida ya karye a cikin aikin da aka yi shi dominsa, ka kawo gutsuren ta ba ka wani. Ba a cika kawowa ba.

Ba ta sayar wa mutum abu sai ta tambaye shi aikin da zai yi, kuma sai ya miƙo hannu ta gani. Mai ƙaramin hannu ba ta ba shi guduma mai nauyi ko ya nace. Ma'aikacin da ke son rataye labule a gida takan hana shi sayen na masu sana'a, ta ce asarar kuɗi ce. Wanda kuma sana'arsa ke nan, takan ce ya sayi ɗaya mai kyau bana, ya dawo baɗi ya ƙara ɗaya, kada ya cika akwati da tarkace a rana guda.

Kafintan nan da ya gyara makara, wata shekara wuta ta cinye rumfarsa da duk abin da ke ciki. Ya zo shago ba don ya saya ba, ya tsaya yana kallon zarto a bango. Inna ta tashi ta rufe shago da rana tsaka, ta ce ya biyo ta. A gida ta jawo akwatin kayan aikin mijinta daga ƙarƙashin gado, wanda ko 'ya'yanta ba ta bari su taɓa, ta ce ya ɗauka. Ya fara maganar yadda zai biya, ta ce ba sayarwa ta yi ba, ba aro ba ne kuma, kayan sun gaji da kwanciya ne. Wata maƙwabciya ta ce mata ta rasa wanda za ta ba sai wanda ba ya salla. Inna ta ce ta duba hannuwan duk masu sallar unguwar ba ta ga kafinta ba.

Saɓaninta da maigidana ya samo asali ne daga wani kwali. Shi ke tsallaka iyaka yana sayo kaya, kuma wata tafiya ya dawo da adduna masu ƙyalli da jan fenti a ƙota, masu arha ƙwarai. Inna ta ɗauki ɗaya, ta buga, ta goga magagari, garin ƙarfe ya zubo a kan zanenta. Ta ce ba za su kwana a shagonta ba. Ya ce manoma da yawa ba su iya sayen masu tsada, kuma duk shagunan layin irin waɗannan suke sayarwa. Ta ce mai hali in tasa ta karye ya sayi wata, talaka kuwa in ta karye masa a tsakiyar aiki, aikin shekara ne ya tsaya. Tunda ɗan fari ne ba ta kama sunansa, sai ta juyo wajena ta ce, "Amarya, gaya wa mai shago ya fitar da su." Yana tsaye a gabanta. Ya ɗauki kwalin ya kai ɗakin ajiya na zaure, ya kulle. Muka ɗauka magana ta wuce.

Shekarar da ta biyo baya, wajen ƙarshen shekarun casa'in, ruwa ya ɗauke da wuri a arewa. Shanu suka gangaro kwari tun tattasai bai nuna ba. A 'yan shekarun nan kuwa injunan ban-ruwa sun yawaita, lambuna sun miƙe a bakin kogi har sun haɗe, hanyoyin da dabbobi ke bi su sha ruwa sun zama 'yan siraran lunguna tsakanin shinge da shinge, wasu ma an toshe su. Labarai suka fara shigowa kasuwa ɗaya bayan ɗaya. An ce an sari saniya a agara. An ce an ƙone shinge. An ce an tura injin wani cikin kogi. Masu zama a bencin shagonmu suka rage hira, in baƙo ya tsaya sai a yi shiru har ya wuce.

Ina shagon ranar da mutanen wani ƙauye na gangaren kogi suka zo, ƙanen bulamansu, wato mai garinsu, a gaba. Duk ta san su, wasu tun suna bin iyayensu kasuwa. Suka gaisa, ya ce adduna suke so, duk waɗanda ke akwai. Na lura babu wanda ya ɗauki ɗaya ya auna nauyinta, babu wanda ya dubi ƙota, babu wanda ya tambayi kuɗi balle ya nemi ragi. Ɗaya daga cikinsu ne kawai ya sa babban yatsa a kan tsinin wata, can ƙarshe, inda manomi bai damu da shi ba. Inna ta tambayi aikin da za a yi. Ƙanen bulama ya ce sharar gona.

"Sharar gona da tattasai a tsaye?" in ji ta.

Ta ce babu adda ta sayarwa. Addunan suna rataye a bayanta, kowa na gani. Ya ce, "Hajiya, da kuɗinmu muka zo." Ta ce ta gani, su gaida gida. Suka fita ba sallama. Maigidana yana gefe yana ɗaure wa wani ƙusoshi, na ga ya bi su da ido.

Bayan kwana kaɗan sai ga wani dattijon Bafulatani, abokin cinikin mijinta tun da, wanda duk kaka yake aiko mata da man shanu. Gatura yake so da dogayen wuƙaƙe, fiye da abin da ruga ɗaya ke bukata. Shi ma bai gwada ko ɗaya ba. Ta ba shi amsar da ta ba waɗancan. Ya ce a hankali ai manoman an sayar musu, daga gidanta aka fitar da kwalin, yaransa sun gani da idonsu ana ɗora shi a amalanke.

Inna ba ta yi magana a kasuwa ba. Ta sauke duk adduna da gatura da dogayen wuƙaƙe daga bango, ta naɗe su cikin buhu, ta sa aka kai ɗakinta. Da muka koma gida ta tsaya a zaure ta ce a buɗe ɗakin ajiya. Babu kwali. Maigidana bai yi musu ba. Ya ce da bai sayar ba shago na gaba zai sayar, kuma an gaya masa tsaron lambu za a yi da su, ba wani abu ba. Gaskiya ne shago na gaba zai sayar, ita ma ta sani. Ranar ce ta farko da na ji ta yi masa magana kai tsaye, ba ta bakina ba.

"Shago na gaba ba ni na haife shi ba," ta ce.

Daga ranar ta daina cin tuwon tukunyata. Ta kafa ɗan murhu a ƙofar ɗakinta tana dafa wa kanta, tsohuwa mai ciwon gwiwa, ina kallo. In na kai mata kwano sai ta ce in ba yara. Ba da ni take fushi ba, amma hatsin nasa ne. Ta aika wa mai unguwa da abin da ta gani, shi ma ya kai gaba, aka ce za a tara bulamomi da shugabannin makiyaya a zauna. An sa rana. Abin bai jira ranar ba.

Da safe ya faru, a wata mashaya da ke ƙasa da ƙauyen. Mu dai kafin azahar muka ga ana wucewa da mutane zuwa asibiti, wasu a amalanke, wasu a bayan mota, an rufa musu zannuwa. An rasa rayuka ta kowane ɓangare. Cikin waɗanda suka mutu har da ɗan dattijon nan Bafulatani, wanda bai daɗe da aure ba. Kasuwa ta watse. Kwana da kwanaki ba a ga nono a gari ba, ba a ga tattasai ba.

Jandarmomi suka zo shago da abu a naɗe cikin buhu. Ina nan, don tun ranar faɗan ba na barin ta ita kaɗai. Babbansu ya yi mata gaisuwa ta mutunci, ya ce an tsinci adduna da dama a wurin, masu jan fenti, yawancinsu sun lanƙwashe ko sun rabu da ƙota, ba su ne suka kawo shi ba. Ya warware buhun a kan tebur. Tsohuwar adda ce baƙa, bakinta lafiya lau, ko ɓalli babu. Ita aka samu kusa da gawar ɗan dattijon nan Bafulatani. A gindinta akwai zane biyu a karkace. Ya ce an gaya musu wannan alamar ta shagon nan ce, ko za a iya sanin wanda ya saya.

Maigidana ya yi sauri ya shiga gaba, ya ce shi ne mai shago, kuma adda irin wannan sun sayar da ba adadi, ba mai iya tunawa. Inna ba ta dube shi ba. Ƙotar take kallo. An fere ta ta gefe ɗaya, yadda za ta zauna a hannun hagu. Ita ta sa aka fere ta, shekaru da suka wuce, domin wani saurayi bahago da ya sami gonar kansa karo na farko, ta zaɓa masa ita cikin tari guda. Uwarsa ƙawarta ce, kowace shekara sai ta kawo mata sabuwar shinkafa. Da ta yi shiru, ba mai kama ta da laifi, ɗanta ya riga ya buɗe mata hanya.

"Na san mai ita," ta ce. Ta faɗi sunansa da na ƙauyensu.

Aka kama shi, bai ma yi gardama ba, aka ɗaure shi. Abin da ya biyo baya ya daɗe. Mutanen ƙauyen da na kusa da su suka ɗauke ƙafa daga shagonmu, suna cewa ta sayar da ɗansu. Uwar bahagon ta gamu da ita a wata suna ta juya mata baya. Makiyaya kuma ba su manta daga gidan wa kwalin ya fita ba. Akwai lokacin da za mu wuni ba a sayi ko ƙusa ba. Wata safiya muka tarar an kafa tsinken ƙarfe a ƙofar shago, ba mu san ko wane ɓangare ba ne. Ta cire shi, ta juya shi a hannu, ta jefa cikin tarkace.

Abu ɗaya zan faɗa don maigidana. Nasa addunan na banza su suka lanƙwashe, tata mai kyau ita ta yi kisa, kuma duk garin an yi wannan maganar. Shi bai taɓa furta ta ba, ko a gabanta ko a bayan idonta, ko a ɗaki tsakanina da shi. Ina jin ta san haka. Washegarin zuwan jandarmomi na fito na tarar da kwanonta a ƙofar madafata, a wanke, a kife. Na zuba mata tuwo, ta ci. Ɗan murhun nan ba a sake hura shi ba. Magagarin kuma ta ci gaba da gwaji da shi, amma ba ta ƙara sa wa wani ƙarfe shaida ba. Wani mai gyaran inji ya tambaye ta dalili, ta ce ƙarfe kawai take iya saurara.

Da abubuwa suka ɗan lafa ta ce sai ta je ruga ta'aziyya. Kowa ya hana ta, ta ce a nemo mota. Ni na raka ta. Sun koma can cikin tudu, nesa da kogi, shanun sun rame har ana ƙirga haƙarƙarinsu. Matan suka ba mu tabarma ba su zauna tare da mu ba. Amaryar mamacin tana bakin bukka, ba ta ɗago kai ba. Dattijon ya fito, ya karɓi gaisuwa, ya ce mata ta daina ɗora wa kanta, ba ita ta sara ba. Inna ta ce, "Ni na zaɓa masa addar." Can ya sa aka kawo ɗan nono a ƙwarya, kaɗan ne ƙwarai, na san na yara ne. Ta sha, ta miƙo mini.

Shekaru suka wuce, ciniki ya dawo sannu a hankali, domin kile mai wasa bai daina cinye noti ba. Ta tsufa, idonta ya fara hazo, maigidana ya karɓi yawancin aikin, ita tana kan kujerarta tana sauraro. Wata ranar kasuwa sai na ga masu zama a benci sun miƙe ɗaya bayan ɗaya. Wani mutum ne a ƙofa, ramamme, da furfura a gemu tun bai kai ba. Bahagon ne, an sako shi. Maigidana ya zagayo tebur ya tsaya tsakaninsa da uwarsa, ya ce ba abin da za a sayar masa a nan. Inna ta ce ya kauce, yana tare mata haske.

Mutumin bai gaishe ta ba. Ya ce, "Hajiya, ke kika faɗi sunana."

"Ni na faɗa."

Ya tsaya, hannunsa na hagu a cikin aljihun riga. Sannan ya ce hauya yake so. Ya sayi ɗaya a wani wuri ta tsage masa a kwana na biyu, ga yara sun girma ba shi nan, ga gona ta koma saura. Inna ta ce ya miƙo hannu. Ya fitar da shi daga aljihu, babu komai a ciki. Ta shafa tafin, ta ce ya yi laushi, sai a fara da marar nauyi. Ta sa aka sauko da hauyoyi, ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana bugawa, ba ta gajarta ko ɗaya daga cikin gwajinta ba. Ta zaɓa masa, ya biya, ya saɓa a kafaɗa. Har ya juya ta tambaye shi ina gonar take yanzu. Ya ce tana inda take, a bakin mashaya, ƙannensa ma sun ƙara matsar da shingen gaba. Ya tafi. Ta daɗe tana fuskantar ƙofa, ko da yake na san ba ta ganin nesa.

Ba ta sake cikakkiyar shekara ba bayan wannan. Ciwon ya kwantar da ita bayan kaka, lokacin da kogi ya cika. Ba ta yi wasiyya a kan shago ba, ba ta raba kaya ba. Safiyar da za ta rasu hankalinta ya dawo sarai, ta sha ɗan kunu, ta ce in kira mata mai shago. Ya durƙusa a gefen gadon. Ta tambaye shi ko bana an yi ruwa a arewa.

Ya dube ni, na dube shi. Tun kafin sallar asuba shanu ke wucewa ta bayan katangarmu suna gangarawa kogi, garke bayan garke, tattasai kuwa ko ja bai fara ba. Ya ce an yi, Inna, an yi sosai, ciyawa har gwiwa. Ta ce alhamdu lillahi, ta juya fuskarta bango. Kunnenta bai taɓa mutuwa ba har ranar, don haka ban sani ba ko ta yarda ne, ko ta ƙyale shi ne.

Allah Ya yafe mata zafin harshenta, Ya karɓi gaskiyar da ta faɗa ranar da shiru ya fi mata sauƙi, Ya yalwata mata makwanci. Mu da ta bari a bakin wannan kogi, Allah Ya tsare hannuwanmu.